Izinin da Ba Nawa Ba

Na san abin da ake faɗa cikin dangi game da ni da Gwaggonku Ige, ko da ba a faɗa gabana. Ana cewa na kai asirin 'yar'uwata jarida don a san sunana. Wasunku sun ji sun yi shiru don kunya. Hadiza kaɗai cikinku ta taɓa tambayata ido da ido, ni kuwa na hau ta da faɗa, don mai laifi ba ya son tambaya. To yanzu ƙafa ta yi nauyi, zama ya yi yawa, bari in faɗa muku yadda abin ya gudana. Akwai laifina a ciki, ba kuwa ƙarami ba, amma ba shi ne wanda ake ɗora mini ba.

Bayan na aje aikin malamin gona a Isa sai na rasa inda za ni sa kaina. Mutumin da ya saba yawo gona-gona yana surutu, a ce ya zauna ƙofar gida yana korar ƙuda, ai an kashe shi da ransa. Uwarku ta gaji da ni ina bin ta har madafa ina koya mata yadda ake adana wake, ita da ta fi ni sani. Hadiza ce ta cece ta. Ta buɗe mini shafi a intanet, ta nuna mini yadda za ni rubuta a waya in tura. Na riƙa zuba abin da na sani: yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun hatsi na tsaye a gona, yadda ake sa toka don ƙwari, abin da ya raba geron zango da maiwa. Masu karantawa ba su da yawa, kuma duk na nesa ne, ɗalibai daga Sakkwato da Zariya, wani Bagobiri a Legas da kewar gida ta dame shi, da malaman gona daga Maradi. Samarin gida masu manyan wayoyi kuwa ƙwallo suke kallo. Wa zai tsaya karanta dogon bayanin tsoho a kan toka?

A cikin duk abin da na sa a shafin, guda ɗaya ya fi samun masu karatu, kuma ba maganata ba ce. Yaya Ige ta zo mana ganin gida ƙauyenmu Turba da sallah, muna zaune inuwar darbejiya, na tambaye ta asalin irin zangon gidanmu, wannan mai doguwar zangarniya da maƙwabta ke zuwa roƙo. Ni a sanina gadon kakanni ne. Ta yi dariya ta ce in ji wauta. Ta ce a shekarar yunwa, ina ƙarami, Baba ya kwance damen iri munka ci. Ku da kunka tashi a birni ba za ku gane nauyin wannan ba. Manomi yakan sayar da akuya, ya sayar da riga, ya ci ganye, amma ba ya taɓa damen iri, don wanda ya ci iri ba a sake ƙirga shi cikin manoma. Baba ya ci don kada mu mutu, ya kuma kasa faɗa wa kowa. Ita tana amarya a wani ƙauye kusa da Tsamaye, a gidan da ke da sauran abin hannu. Da ta ji daga bakin Inna, sai ta jira ranar kasuwa maza sunka watse, ta jingina tsani ta shiga rumbun surukinta, wurin da mace ba ta ko leƙawa. Ta zare zangarnu daga damen irinsa, ta murje su a ɗakinta har sunka cika tiya guda, ta ƙulle a zane ta aza ƙwarya a sama, ta taka da ƙafa yini guda zuwa Turba. Wannan tiyar ce Baba ya shuka da ruwan farko, ita ce kuma muke ci har yau.

Ina naɗar muryarta a waya, ta gani. Da ta gama sai ta nuna wayar da haɓa.

"Wanga abu naka, wa ka jin shi?"

"Mutanen nesa, Yaya. 'Yan boko na can birane."

"To, na nesa su ji. Ba su san ni ba, ban san su ba."

Iyakar izinin da ta ba ni ke nan, kuma ko kurma ya ji iyakarsa. Na rubuta labarin da sunanta da sunan ƙauyen, don ina alfahari da ita. Ya zauna a shafin kusan shekara biyu ba abin da ya faru.

A shekarar da nake ba ku labari, gab da damina, saƙo ya shigo mini daga wani Malam Lawali, wanda ke shirya 'yar jaridar wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwa a Sabon Birni. Shafi takwas ce da Hausa, ana raba ta a kasuwanni duk bayan wata uku, direbobi kan haye da ita har Nijar. Bawan Allah nan ya yi abin da ya kamata. Ya ce suna neman izinina su sake buga wasu rubuce-rubucena, za su sa sunana da adireshin shafin, ba za su canza kalma ba, kuma in akwai wanda ban yarda a taɓa ba in faɗa. Kai, wallahi kaina ya kumbura! Shekara talatin ina rubuta rahoton da ba mai karantawa sai gara, yau ga masu jarida na roƙona. Ban ko tashi daga tabarma ba na amsa masa: na yarda, ku ɗauki duk abin da kunka ga dama. Har da ƙarin Allah ya saka da alheri, kamar su sunka yi mini kyauta.

Bayan mako biyu ya kira ni yana murna, ya ce sun zaɓi labarin tiyar iri, shi za su sa a shafin farko. Na shiga cikin gida ina baza riga, na tarar da uwarku tana tsince shinkafa, na faɗa mata. Ba ta ɗaga kai ba.

"Malam, wane labari kac ce?"

"Na Yaya Ige mana."

"To ka tambayi mai labarin?"

"Haba, ni fa na rubuta shi. A shafina yake."

"Rubutun naka na. Maganar fa? Jaridar ga ba ita ce ake karantawa da ƙarfi a rumfar mai shayi ba?"

Na so in yi gardama, don kun san ni, amma gaskiya ta faɗa. Ni da na yi aiki da ƙauyawa rabin rayuwata na fi kowa sanin yadda takarda ke tafiya a wajenmu. Mutum ɗaya ke iya karatu, ashirin su kewaye shi. Abin da ya kwana shekara biyu a intanet ba wanda ya ji, takarda za ta kai shi ƙofar gidan Yaya Ige a yini ɗaya. Nan take na kira Malam Lawali na ce ya dakata. Ya ce ba komai, ba a kai wurin bugu ba tukuna, in na janye sun janye. Amma ya ƙara da wata magana. Ya ce a zaman kwamitinsu an karanta labarin a bainar jama'a, kowa ya yaba, har wani dattijo mai fataucin albasa ya tambaya ko Ige ce matar marigayi Mamman, don ya san gidan.

Washegari na hau motar Sabon Birni, daga can na hau mashin. Lokacin hanya ba ta ɓaci kamar yanzu ba. Gidan da Yaya Ige ta yi aure babban gida ne, kuma bayan rasuwar mijinta ƙanensa Alhaji Nomau ne maigida, ɗan kasuwa mai kai kaya Maradi ya sauko da wasu. Ita kuwa ta zama uwar gidan gaba ɗaya. A hannunta ake aje kayan auren 'yan mata, ita ake kira in za a raba hatsi, in anka ce Ige ta ce to magana ta ƙare. Tsakaninta da Alhaji wasa ne irin na mata da ƙanen miji. Tana da jikoki fiye da goma amma bai fasa kiran ta Amarya ba, kuma furar da ta dama kaɗai yake sha da rana. Na same ta tana kaɗin auduga a ƙofar ɗakinta. Bayan gaisuwa na kwashe komai na faɗa mata, ina ta sassauta laifina, ina cewa ai za a iya janyewa.

Ta aje mazarin. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ba fushi ba ne, kamar dai wadda ta daɗe tana jiran baƙo ga shi ya yi sallama.

"Garba, rabin labarin na ba ka. Ka san wa anka kama da laifin irin?"

Na ce ban san an kama kowa ba.

"Tsoho ya hau rumbu da ruwa ya sauka, yag ga ɗaurin damen ba nashi ba na. Ya tara gida. Ba wanda ya kawo mace a ranshi, mace mi za ta yi cikin rumbu? Nomau na saurayi lokacin, yana son zuwa kasuwa, sai anka ce shi na. Ina tsaye da tulu a kaina uban ya dake shi, ya kira shi ɓarawon iri gaban kowa. Ya yi rantsuwa har ya gaji. Ni kuwa na yi shiru. In na yi magana a kore ni, a kuma san Baba ya ci iri. Kwana uku ya bar gida ya haye Nijar. Bai komo ba sai bayan tsohon ya rasu."

Innalillahi. Mutumin da nake gaisawa da shi shekara da shekaru, ina yi masa ba'a cewa son kuɗi ya raba shi da noma, ashe hatsin da ya raya ni ne ya raba shi da ubansa. Na ce mata za ni roƙi Malam Lawali da mai albasar su rufe bakinsu. Ta girgiza kai.

"Magana zarar bunu ta. Mai albasa ya ji, matarshi ta ji. Gara shi ji daga bakina da shi ji a tasha." Ta jawo mayafinta. "Kuma izinin da kake nema yanzu, ko ni ba ni da shi. Hatsin nasu na, sunan da ya ɓaci nashi na. Tashi mu tai."

Munka same shi bayan la'asar a shigifarsa yana duba buhunan da za a loda. Ya gan mu ya washe baki.

"A'a, Amarya da ɗan rakiya! Yau kuma ƙarata anka kawo?"

Sai Yaya Ige ta durƙusa. Tsohuwa mai shekara saba'in, gwiwa biyu a ƙasa gaban ƙanen mijinta. Ya yi tsalle baya yana cewa subhanallahi, mi ya yi zafi. Ta faɗa masa tun daga tsanin har zuwa tulun da ke kanta, ba ta rage ba, ba ta kuma kawo uzurin yunwa ba. Ni na sa baki na ce laifina ne da maganar ta fito, ba wanda ya dube ni. Alhaji ya zauna bisa buhu. Da ya yi magana muryarsa a kwance take, ba hayaniya.

"Dukan da yay yi min na manta shi tun a hanya. Sunan ne ban manta ba. Shekara goma sha ɗaya ina dako a Maradi, duk wanda ya taho daga gida ina tambayar shi ko Baba ya ambace ni. Anka ce min har ya cika bai yarda a kira sunana a ɗakinshi ba." Ya ɗago ya dube ta. "Kin yi min fura shekara arba'in, Ige. Kullum kina miƙo min ƙwarya kina sane."

"Ina sane," in ji ta.

"Ku tashi ku ba ni wuri."

Na koma Isa da ciwon kai. Mako uku ba labari, sai abin da ke zuwa ta bakin mata: Alhaji bai yi wa kowa faɗa ba, bai faɗa wa kowa ba, amma furar Ige na komowa yadda anka kai ta, kuma in zai kira ta sai ya ce uwar Sani. Ita kuma ta ci gaba da damawa tana aikawa kowace rana. A makonnin nan na yi shukar da ban san na yi ba. Ina zuba irin zangon nan a rami ina jin kamar kayan wani nake binnewa. Na cire labarin daga shafin, na kuma zauna na bi duk rubutun da na taɓa sawa ina ware waɗanda bakin wani ne ba nawa ba. Sun fi yadda na zata yawa, har na ji kunyar kaina.

Ranar kasuwar Sabon Birni ya aiko in same shi. Na tafi ina shirin jin ko mene ne. Na tarar da shi a rumfarsa, ya sallami mutane, ya ba ni wurin zama da goro.

"Malam Garba, jaridar ga har ina take kai?"

Na ce duk kasuwannin nan, har Maradi.

"Har Maradi." Ya maimaita yana jinjina kai. "To a buga."

Na ce Alhaji, ba dole, na riga na janye.

"Na ce a buga. Amma ba yadda kar rubuta ba, don naka rabi na. A ƙara cewa an ɗora wa Nomau ɗan gidan, kuma Nomau bai taɓa rumbun ubanshi ba. Da sunana, ba wani ɓoye-ɓoye. Akwai tsofaffi a garin ga da har gobe in na juya baya suna tunawa. Kuma a rubuta cewa yarinyar da ta ɗauka ta ɗauka ne don gidansu na mutuwa, ni Nomau na ce in da ta tambaye ni da ni za ni riƙe mata tsanin. Amma ka koma ka tambaye ta. In ba ta yarda ba, a bari."

Na sake hawa mashin. Yaya Ige ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, ta ce a buga yadda ya ce. Sai a lokacin na rubuta wa Malam Lawali izini na gaskiya. Na ce wancan na farko na soke shi. Abin da ya fito daga kaina, na toka da wake da sauransu, su ɗauka da sunana. Abin da ya fito daga bakin wani kuwa, sai na je na tambayo mai shi, ɗaya bayan ɗaya, na kuma faɗa masa a fili cewa maƙwabcinsa zai ji. Na tura masa sabon labarin da na karanta wa su biyun sunka amince. Ya buga shi bai taɓa ko ɗigo ba.

Ni na kai musu jaridar da hannuna, hatsi ya fara fitar da kai. Alhaji ya tara maza a zaure, tsofaffin unguwa da 'ya'yan gidan, ya ce in karanta. Na san mata na bayan zana suna ji. Da na kai layin da ke cewa Nomau bai taɓa rumbun ubansa ba, ya ɗaga hannu ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi takardar, shi da bai iya boko ba, ya ce in aza masa yatsa a wurin. Wani tsoho da ke gefe ya sunkuyar da kai yana ta istigfari. Daga nan Alhaji ya ninke jaridar ya sa a aljihun gaba, ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, ya ce ko Amarya ta manta yau ba a sha fura ba.

Kada ku zaci abin ya wuce ba tabo. Akwai matan da sunka janye kayan 'ya'yansu daga ɗakinta. Ɗanta Sani ya yi wata biyu ba ya gaishe ni, shi ne kuma ya fara maganar da kuke ji a dangi, ban kuwa ga laifinsa ba. Ita ba ta taɓa kawo mini ƙorafi ba. Ranar da za ni koma na shiga yi mata sallama, na durƙusa na ce ta yafe mini.

"Na yafe maka, Garba, duniya da lahira. Ka ma sauke min kaya, ko da ba da niyya ba."

Na ji sanyi a raina. Da yake ni ba na koyon darasi da wuri, sai na gyara zama na ce to wata rana za ta ba ni labarin Inna, yadda ta taso daga wajen Alkalawa da yadda sunka haɗu da Baba, don ni ban san komai ba, ina ƙarami ta rasu. Ta dube ni da murmushi, ba ɗaci a ciki ko kaɗan.

"Kai rumbu na marar murfi, ƙanena. Ina son ka, amma ba ni ƙara zuba hatsi cikinka."

Ta yi shekara huɗu a raye bayan nan. Na je gaishe ta ba adadi, ta ba ni abinci, ta tambayi lafiyar kowannenku da suna, ta yi mini addu'a. Na bar waya a gida don ta gani, na zo da hannu biyu. Duk ranar da na karkato da hira wajen Inna, sai ta ce tsufa ya zo, ba ta tunawa, alhali tana iya lissafa mini awakin da anka yanka ranar sunana. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san muryar uwarmu da abin da ke ba ta dariya. In kun tambaye ni wace irin mace ce kakarku na ce muku ban sani ba, to ba rowa nake yi muku ba, wallahi ban sani ba.